Daga "Ashe" Zuwa "Albishirinka": Ba-zata a Gidan Kallo da Tsakar Gida

Ranar Talata ce, 22 ga Nuwamba 2022, da hantsi. A unguwarmu wannan ba lokacin ƙwallo ba ne. Mai shago yana shago, ɗan makaranta yana aji, mai adaidaita-sahu yana kan titi. Duk da haka tun kafin ƙarfe goma sha ɗaya mai gidan kallon da ke bayan layinmu ya tayar da janareta, ya saki labulen buhu a ƙofa, benci-benci suka cika. Ajantina ce za ta kara da Saudiyya a filin Lusail na ƙasar Ƙatar. Ba wanda ya shigo don ya ga wa zai yi nasara. An zo ne a ƙirga ƙwallayen da Messi zai zura, tunda Ajantina ta buga wasa 36 a jere ba a doke ta ba.

Minti goma da farawa Messi ya ci da fanareti. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sau uku Ajantina ta sake jefa ƙwallo a raga, ana sokewa saboda satar gida. Wasu suka miƙe suka koma sana'arsu, wai an riga an gama. Da aka dawo, a minti na 48 Saleh Al-Shehri ya farke. Aka yi ihu, amma irin ihun da ake yi wa yaro in ya yi abin kirki. Bayan minti biyar Salem Al-Dawsari ya tare ƙwallo a bakin yadi na sha takwas, ya juya tsakanin 'yan baya, ya lanƙwasa ta can saman kusurwa.

Sai ɗakin ya yi tsit. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba, amma na ji shi sarai, har ƙarar janareta ta fito fili. Daga nan wuri ya ɓarke. Wani dattijo tela da ke gefena ya cire hula, ya ɗora hannu biyu a ka, yana ta maimaita kalmar shahada. Wani saurayi sanye da rigar Messi ya yi mutuwar zaune, baki sake galala. Daga baya wani ya ce, "Tabɗijam!" Wani kuma ya ja murya: "Ashe Larabawa sun iya ƙwallo!" Waɗanda suka tafi suka dawo a guje, mai gidan kallo bai ko tuna ya karɓi kuɗinsu ba. Washegari Sarki Salman ya ba da hutu a duk faɗin Saudiyya.

Wannan ɗan shirun da abin da ke biyo bayansa sun daɗe suna yi mini yawo a rai. Waɗanda suka girme ni sun ba ni labarin irinsa a 1989, lokacin da 'yan ƙasa da shekara ashirin na Najeriya suka farke ci huɗu da Tarayyar Sobiyet ta yi musu a Dammam, suka kuma cinye ta a bugun fanareti. An sake ganinsa a daren 31 ga Yuli 1996, lokacin da Brazil ke cin Najeriya uku da ɗaya a gasar Olamfik ta Atlanta, saura minti goma sha biyu, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke, Kanu ya ƙarasa. A tawagar nan akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi, 'yan Kaduna, shi ya sa har gobe ake ba da labarin a majalisun Arewa kamar a ƙofar gida aka buga.

Abin da baki ke furtawa kafin hankali ya dawo

Wanda yake son ya san tarbiyyar mutum ya saurari abin da ke fitowa daga bakinsa a lokacin da aka shammace shi. A nan ba ya da sararin zaɓen kalma. Abin da aka daɗe ana zuba masa shi ke tasowa.

Hausa ba ta da talauci a wannan fage, kuma kowace kalma da aikinta. "Kai!" ita ce uwar ɗaki, tana shiga ko'ina, murya ce ke bambanta na murna da na takaici. "Tab!" da yayarta "tabɗijam!" na abin da ya wuce misali ne, wanda mutum ya ga girmansa ya rasa inda zai kama. "Iye!" tana ɗauke da ɗan yabo ko ɗan zolaya, ita ake yi wa yarinya in ta fito da kwalliyar salla. "Au!" ta wanda aka gyara wa fahimta ce yanzu-yanzu: au, kai ne ɗan gidan? "Af!" ta mantuwa ce da ta faɗo a rai. "Lallai!" takan zo da girgiza kai, mai ita ya ga abu ya kuma yanke masa hukunci. Mata suna da nasu kayan aikin, "oh ni 'yasu", "ni jikar wance", "yau na ga ikon Allah", ana haɗa su da tafa hannu da riƙe haɓa. Ban taɓa ganin tsohuwa ta ce "oh ni" hannunta na kan cinya ba.

Sai "ashe", wadda a ganina ta fi su duka zurfi. Wanda ya ce "ashe" ya yi iƙirari ne cewa da yana kan wani zato, yanzu gaskiya ta ture shi. Ashe kana gari. Ashe ba shi ya ɗauka ba. Ashe rai kan ga rai. Masana harshe sun lura cewa wasu harsuna suna da alama ta musamman a nahawunsu don nuna cewa labari ya zo wa mai magana a ba-zata. Wani Ba'amurke mai suna Scott DeLancey ya yi rubutu a kan haka a 1997, kuma Turkanci na cikin misalan da ake bayarwa, inda ake liƙa wa aikatau wani ɗafa-ƙeya. Bahaushe ya tattara wannan aikin a gaɓa biyu.

Karin magana ma bai bar wurin ba. Abin mamaki, kare da tallan tsire. Banbaraƙwai, namiji da suna Hajara. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa, wanda kamar don wasan Lusail aka yi shi. In da ranka ka sha kallo. In alheri ne ya faɗo ba wahala, tsuntsu daga sama gasasshe. In kuma musiba ce ta hau kan musiba, ana wata ga wata.

Amma a saman duk waɗannan akwai ambaton Allah. Subhanallahi, Allahu akbar, ikon Allah, la'ilaha illallahu, innalillahi. Har fi'ili muke da shi na wannan: a ce wance ta saka salati, ko ana ta sallallami. Wannan ba al'adar banza ba ce da ta tsiro haka kawai. A cikin Sahihul Buhari, a littafin ladubba, akwai babi sukutum a kan yin kabbara da tasbihi a lokacin mamaki. Iyaye sun horar da harshen 'ya'yansu ya ruga can tun kafin tunani ya iso. Telan nan na gidan kallo bai shirya yin zikiri a kan ƙwallon Al-Dawsari ba. Harshensa ne ya bi hanyar da ya saba bi shekara sittin.

Fuska kuwa ba ta da yare. Tun a 1872 Charles Darwin ya bayyana a littafinsa kan alamomin motsin rai cewa mai mamaki yakan ɗaga gira don ido ya buɗe ya ga abin da ke faruwa da sauri, baki kuma ya buɗe don a ja numfashi. Kusan shekara ɗari bayan haka Paul Ekman ya je wurin ƙabilar Fore a tsaunukan Papua New Guinea, mutanen da ba su saba da silima ko mujalla ba, ya nuna musu hotunan fuskoki. Sun gane murna da fushi da baƙin ciki da ƙyama, amma sun riƙa haɗa mamaki da tsoro. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Mu ma da bakinmu muna cewa gabana ya faɗi, ko da daga baya labarin ya zama na alheri. Ekman ya ce mamaki ne mafi gajarta a cikin motsin rai, daƙiƙa kaɗan ne sai ya rikiɗe ya zama murna ko tsoro ko fushi. Ƙofa ce ba ɗaki ba, ba a zama a cikinta.

Kasuwar mamaki

Masu harkar nishaɗi sun daɗe da gane cewa wannan ƙofar tana kawo kuɗi. Tun kafin talabijin muna da 'yan dabo masu rufa ido a kasuwa, da gardawa masu wasa da kura da maciji, da 'yan tauri da wuƙa ke lanƙwashewa a cikinsu, da 'yan hoto masu cilla galma sama su tare ta da ƙirji. A filin dambe babu abin da ke tayar da ƙura kamar baƙon yaro ya kashe gwanin da kowa ya zo kallo. Duk cinikin "kai!" ake yi.

Sai dai akwai mamakin da ya faɗo da kansa, akwai kuma wanda aka dafa aka kawo. Misalin na farko ya faru a daren 26 ga Fabrairu 2017 a bikin ba da kyautar Oscar a Los Angeles. An ba tsofaffin taurari biyu, Warren Beatty da Faye Dunaway, ambulan su sanar da fim ɗin da ya fi kowanne. Beatty ya buɗe, ya duba, ya sake leƙa cikin ambulan, ya yi jim. Jama'a suka ɗauka jan rai yake yi. Ya miƙa wa Dunaway, ita kuwa ta ga sunan La La Land ta faɗa. Masu fim ɗin suka hau dandamali, suka karɓi kyauta, suka shiga godiya ga iyaye da mata. Sai da aka yi fiye da minti biyu sannan gaskiya ta fito: ambulan ɗin da aka ba Beatty na gwarzuwar 'yar wasa ne, Emma Stone, wadda ta fito a La La Land. Wanda ya ci shi ne Moonlight, ƙaramin fim da aka kashe wa kimanin dala miliyan ɗaya da rabi. Jordan Horowitz, ɗaya daga cikin furodusoshin La La Land, shi ya sanar da haka da bakinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sai da ya nanata cewa ba wasa yake yi ba, ya ɗaga katin sama kyamara ta ɗauka, kafin a yarda. Hotunan da aka ɗauka na zauren a wannan lokacin sun nuna manyan gwanayen kwaikwayo na duniya, waɗanda sana'arsu ce su ƙirƙiri fuska, baki sake kamar saurayin nan mai rigar Messi.

Misalin na biyu shi ne Susan Boyle. A watan Afrilun 2009 wata mata 'yar shekara 47 daga wani ƙaramin gari a Sukotlan ta fito a gasar Britain's Got Talent. Kafin ta buɗe baki an nuno ta tana cin abinci a bayan fage, an nuno alƙalai suna yatsina, an nuno wata budurwa cikin 'yan kallo tana juya ido. Da ta fara waƙa wuri ya kaure da tafi. Muryar tata ce, gaskiya ce, ba wanda ya ara mata. Amma masu shirin sun riga sun saurari duk wanda zai hau dandamali, sun san abin da ke tafe. Aikinsu shi ne su fara sa ka raina ta, don faɗuwar zatonka ta yi ƙara. Miliyoyin mutane sun ji daɗi, ita ma ta samu arziki, faifanta na farko ya fi kowanne kasuwa a Birtaniya a shekarar. Duk da haka akwai abin da ke damuna. Da rainin da aka tara mata aka gina mamakin, kuma bayan wasan ƙarshe, inda ta zo ta biyu, sai da aka kwantar da ita a asibiti saboda gajiya da matsin da ta shiga.

Wani abin lura shi ne gwanayen ba da labari ba su ɗauki ba-zata a bakin komai ba. Alfred Hitchcock, a hirar da François Truffaut ya yi da shi a 1962, ya kawo misalin mutum biyu suna hira a teburi, ƙarƙashinsa akwai bam. In bam ya tashi ba wanda ya sani, mai kallo zai razana na daƙiƙa goma sha biyar. In kuwa an nuna masa bam ɗin tun farko, an nuna masa agogo, zai yi minti goma sha biyar zuciyarsa na dukan uku-uku, yana son ya ce musu su tashi. Kakanninmu mata sun san wannan ba tare da sun ji sunan Hitchcock ba. Yaro ya san Gizo zai yi ha'inci, ya san asirinsa zai tonu, amma gobe da dare ita dai wannan tatsuniyar zai roƙa, kuma in kika canja ko kalma ɗaya zai gyara miki. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai karatu ya san makircin waziri tun da wuri, Musa ɗan sarki ne bai sani ba, shi ya sa kake roƙon aku ya ci gaba da zuba labari har gari ya waye.

Haka aka kalli finafinan Indiya a silimun Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba. Mutum ya kalli fim sau goma, ya haddace inda bos zai fito, yana ma faɗa wa na kusa da shi, amma in wurin ya zo sai ya yi ihu tare da kowa. A 2011 wasu masu bincike biyu a Jami'ar California da ke San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai goma sha biyu, wasu an faɗa musu ƙarshen tun farko, wasu ba a faɗa ba. A mafi yawan labaran waɗanda suka san ƙarshe sun ɗan fi jin daɗi. Ya kamata marubutan finafinanmu masu dogon zango su tsaya a nan su yi tunani. Shirin Daɗin Kowa ya daɗe a zukatan mutane ne saboda an san halin kowa a garin, ana jiran a ga yadda zai aikata abin da aka san zai aikata. Wanda ke tayar da matacce a kowane zango, ko ya fito da ɓoyayyen ɗa duk lokacin da labari ya ƙare masa, yana cinye jarinsa ne. Ranar da mai kallo ya fara tsammanin ba-zata, ta daina zama ba-zata.

Wasan da ba a shawarci mai shi ba

A 1947 wani Ba'amurke, Allen Funt, ya fara wani shirin rediyo inda yake ɓoye makirufo ya ɗauki muryar mutane ba su sani ba. Shekara ɗaya bayan haka ya mayar da shi talabijin, daga baya ya zama Candid Camera, kakan duk wasannin shammata da ake ɗauka da waya a yau. A watan Fabrairun 1969 Funt da iyalinsa suna cikin jirgi daga Newark zuwa Miami, sai wasu suka sa wa ma'aikaciyar jirgin wuƙa, suka ce a juya zuwa Kyuba. Wasu fasinjoji suka gane Funt, suka fashe da dariya, suka tabbatar wa kansu shiri ake ɗauka. Yana rantsuwa ba hannunsa, ba su yarda ba sai da jirgi ya sauka a Havana. Abin da ya sami Horowitz a dandamalin Oscar ke nan. Inda aka saba da mamakin ƙarya, na gaskiya sai ya zo da shaida.

Yanzu kowane yaro mai waya Funt ne. Ana yi wa mai tura baro ƙaryar an kama shi da kayan sata, ana ɗaukar yadda jikinsa ke rawa. Miji ya ce wa matarsa ya ƙara aure, kyamara na ɓoye a bayan labule. Ɗa ya kwanta kamar ya mutu don a ga yadda uwa za ta yi. A ƙarshe a ce wasa ne, a nuna inda waya take, wani lokaci a miƙa 'yan kuɗi. Mai shirin ya tafi da dubban masu kallo. Wanda aka yi wa ya tafi da faɗuwar gaba, da kuma hoton rauninsa yana yawo a TikTok har bayan ransa. A Nashville ta Amurka, a Fabrairun 2021, wani saurayi ɗan shekara ashirin ya tunkari mutane da wuƙar fawa don ɗaukar wasan fashi na YouTube, ɗaya daga cikinsu ya harbe shi har lahira. A Disambar 2012 wasu masu gabatar da shiri a wani gidan rediyon Ostireliya sun buga waya wani asibiti a Landan suna kwaikwayon muryar Sarauniyar Ingila, ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauki wayar ta yarda, bayan 'yan kwanaki ta kashe kanta.

Za a ce ai mu ma muna da wasa. Muna da shi, kuma mai zafi. Akwai wasan jika da kaka, na taubasai, na Katsinawa da Nufawa, na Barebari da Fulani. Akwai tashe da ake fara shi bayan azumi ya kai goma, yara su shafa gari su sa gemun auduga, su kwaikwayi malami ko tsoho ko mai rowa. Amma a duk waɗannan kowa ya san fagen da ake ciki. Taubashinka ya san kai taubashinsa ne, yana da damar ramawa. Gidan da 'yan tashe suka shiga ya ji kiɗan gwangwaninsu tun daga zaure. Ba a mayar da baƙo abin dariya a bayan idonsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai suna cikin tafiya, ɗayansu ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya don wasa, ya farka a firgice, sai Manzon Allah (SAW) ya hana a tsoratar da Musulmi. Igiya ce fa kawai. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito hanin matafiyin da ya daɗe ba ya gida ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba sanarwa. Ko dawowar miji, wadda abin murna ce, an so a yi mata sallama tun daga nesa.

Goro

Wannan ladabin ne ya haifar da abin da nake gani ya fi komai kyau a al'adarmu ta ba da labari. Bahaushe ba ya jefa wa ɗan'uwansa labarin alheri kamar dutse. Sai ya ce, "Albishirinka!" A ce, "Goro." Ya ce, "Fari ko ja?" A ce, "Fari ƙal." Sannan ya faɗa. A cikin wannan 'yar musayar an gaya wa zuciya abu biyu: labari na zuwa, kuma na daɗi ne. Ba a kashe mamakin ba, tunda har yanzu ba ka san haihuwa ce ko aiki ko sakamakon jarrabawa ba. Tsoron kawai aka cire, wannan da mutanen Fore suka kasa raba shi da mamaki. Mai kawo labari kuma yana da tukuicinsa, kamar yadda sahabi Ka'abu ɗan Maliku ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba wanda ya yi masa bushara da karɓar tubansa bayan kwana hamsin yana cikin ƙunci.

Labarin mutuwa ma da tasa hanyar. Ba a aika yaro. Babba ake samu, ya zo ya zauna, a gaisa, ya ce jikin wane ya yi tsanani, a zo a je gida. Wanda aka faɗa wa ya gane, amma an bar masa tsawon hanya ya shirya. Likitanci ya zo ya tarar da hikimar. A 1990 likitocin Japan suka bayyana wani ciwon zuciya da suka kira takotsubo, da sunan tukunyar da masunta ke kama kifin teku mai ƙafa takwas da ita, saboda surar da zuciya ke komawa. Firgita ko baƙin ciki na farat ɗaya ke jawo shi, kuma ya fi kama mata masu shekaru. A 2016 masu bincike a Zurich suka duba mutum 485 da motsin rai ya jawo musu ciwon, suka tarar 20 daga ciki abin farin ciki ne ya kayar da su, kamar biki ko haihuwar jika ko walimar ba-zata. Yau kuwa mutum na zaune a wurin aiki zai buɗe Facebook ya ci karo da hoton yayansa da "innalillahi" a ƙasa, wani maƙwabci ya riga kowa sakawa tun gawa ba ta huce ba. Wannan gaggawar zalunci ce, ko da mai yin ta bai nufa ba.

Shekarun baya ɗan goggona ya biya wa mahaifiyarsa kujerar Makka. Shekara bakwai yana tarawa daga sana'ar gyaran babur, bai gaya wa kowa ba sai kawunmu. Ƙannensa suka shirya yadda za a yi: a tara dangi da sunan wani taro, a miƙa mata takardar a cikin kwali, a kunna waya a ɗauka. Kawu ya saurare su har suka gama, ya ce a'a. Ya ce yayarsa tana da hawan jini, kuma hawayenta ba na kasuwa ba ne.

Bayan la'asar ɗan ya shiga shi kaɗai, mu muna daga bakin ƙofa. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Inna, albishirinki."

Ta ɗago ta dube shi, ta ajiye farantin a gefe, ta gyara zama, ta goge hannu a zani. "Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari ƙal, ɗan nan."

Ya ce, "Bana in Allah ya yarda da ke za a yi Arfa."

Shirun nan na gidan kallo ya sauka a tsakar gidan, har kukan tattabarun maƙwabta muna ji. Ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ni?" Ta sake cewa, "Ni ɗin?" Sannan ta ce, "Ashe zan ga Ka'aba da idona." Ta juya gabas ta kai goshi ƙasa, ta daɗe a haka, kafaɗunta na motsi. Da ta ɗago ta kwance bakin zaninta, ta ciro goro guda da naira ɗari biyu da suka nannaɗe, ta kama hannunsa mai baƙin mai ta danƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Sai ta leƙo ƙofa ta ce a kira mata Kawu, tana son su yi maganar wanda zai kula mata da awaki kafin ta dawo.